Yadda Kurege Ya Lashe Kacar Ɓauna Ya Tsira da Wutsiyarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, yau a kan keke ta zo!

"Ta zo mu ji ta, amma ta kama birki kada ta buge mu."

Za ta kama. Na rantse da takardar shaidar makarantar da ban gama ba, abin da zan faɗa muku ba za ku yarda ba. Ni Shekarau, da na fice daga aji huɗu saboda malamai sun ƙare abin koya mini, ni kaɗai na san labarin nan tun daga saiwa har ganye. Gwaggo Tasalla, ƙwaryar man shanun nan ta yi kusa da wuta, zai narke. Turo ta nan bayana, ni zan yi miki gadinta. Yauwa.

A dajin Gangare akwai ƙungiyar mahaya keke. Duk shekara in an gama girbi, dabbobi sukan fito yawo tare, jere reras, daga bakin kasuwa har tafkin Kainuwa. In sun isa sai su jingine kekuna a kan tudu, gindin tsamiya, saboda bakin tafki taɓo ne. Su gangara a ƙafa, su ci, su sha, su yi hira. In sun dawo sai a tarar keke ɗaya ya yi fiffike. Bara haka, bara waccan haka. Shekarar da aka ɗauke na Kunkuru, a ƙafa ya koma gida, bai isa ba sai da aka yi shuka.

Bana kuwa shugabar ƙungiya, Hajiya Ɓauna, ta sayi sabon keke mai madubi da fitila da ƙararrawa biyu. Ta tara jama'a ta ce, "Wa zai yi mana gadi?"

Kowa ya sunkuyar da kai, don mai gadi ba ya zuwa wurin cin abinci.

Sai Kurege ya ɗaga hannu. Shi ba shi da keke, ba shi da ko famfo, wutsiya kawai gare shi, wadda yake laima da ita in rana ta yi zafi, yake taƙama da ita gaban 'yan mata.

Ya ce, "Ni zan yi, ranki ya daɗe. A ba ni igiya doguwa in zura ta cikin kekunan duka, in ɗaure a jikin tsamiya. Ɓarawon da zai ɗauki ɗaya sai ya ɗauki itacen."

Ɓauna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Na ji. Amma in keke ya ɓata, ko na Kunkuru ne, wutsiyar nan taka zan yanke in yi mafici da ita."

Kurege ya shafa wutsiyarsa ya ce, "Na yarda."

To, abin da ya kai Kurege gadi ba son jama'a ba ne. A dajin nan ba a san baƙin mai ba. Kowa da abin da gidansa ke da shi yake shafa wa kacar kekensa. Biri man gyaɗa, Barewa manja, Kunkuru man kaɗe. Hajiya Ɓauna kuwa man shanu, soyayye da albasa, kuma ba ta shafawa da rowa, lafta shi take yi har yana ɗiga kan robar birki. Tun a bakin kasuwa hancin Kurege ke rawa.

Aka yi tafiya, aka isa, aka jingine kekuna. Kurege ya zura igiya, ya ɗaure tamau. Jama'a suka gangara, ciyawar gamba ta rufe su.

Kurege ya zauna. Iska ta kaɗo ƙamshi. Ya tashi, ya zauna. Ya sake tashi.

Ya je wurin keken Biri ya ce, "Lasa ɗaya ba sata ba ce." Ya lasa. Ya lashe kaca tas.

Ya matsa wurin na Barewa ya ce, "Lasa ɗaya ba sata ba ce." Ya lashe tas.

Na Kunkuru ma, duk da man kaɗe ba wani daɗi, ya ce, "Lasa ɗaya ba sata ba ce." Tas!

Da ya iso na Hajiya Ɓauna bai ma tsaya faɗin komai ba. Ya bi kacar haƙori-haƙori, ya zura harshe lungu-lungu, har ta bushe ƙayau kamar ƙashin bara. Ya ga robar birki ta jiƙe da mai, ya ɗan ciza. Ya ji albasa. Ya tauna ta gaba, ya tauna ta baya, ya haɗiye.

Gwaggo, me kike leƙe? Ƙwaryarki na nan lafiya, idona na kanta. Ki saurari labari.

Wanda ya sha mai kuwa kun san abin da ke biyo baya: ƙishirwa. Maƙogwaron Kurege ya bushe, harshe ya yi nauyi. Yana cikin haka sai ga Malam Dila ya hauro tudu, da carbi a hannu. Shi Dila ɗan ƙungiya ne, amma duk shekara ranar yawo sai ya ce azumi yake, ba ya zama wurin abinci.

"Sannu da aiki, Kurege."

"Yauwa, Allah gafarta Malam."

"Na ga kana lumshe ido. Lafiya?"

"Ƙishi, Malam. Kamar na haɗiyi toka."

"Ayya! Ga rijiya can bayan tudu. Je ka sha, ni zan riƙe maka gadin. Mai azumi ai lada yake nema."

Kurege ya ce, "Allah ya ƙara ilimi," ya zura da gudu.

Ya sha, ya sha, ya dawo yana gyatsa. Me zai gani? Igiya a tsinke, da sawun haƙori a jiki. Gurbin keken Ɓauna wayam. Can bakin gangara ga Dila ya naɗe riga, ya ɗare sirdi.

Kurege ya rungume wutsiyarsa ya ce, "Ke 'yar uwa, mu yi ban kwana. Gobe war haka kina fifita Ɓauna."

Dila kuwa ya san hanyarsa. Hanyar ta gangara tudu, a ƙasa ta karya hagu ta bayan gamba ta zagaya bayan tudun. Haka yake yi duk shekara: ya sulala shiru kamar maciji, ya kama birki a kwana, ya karya, masu cin abinci ba su ji ko motsi ba.

Ya taka feda.

Ƙiii-ƙwaraƙ!

Ya ce, "A'a?" Ya sake takawa.

Ƙiii-ƙwaraƙ! Ƙiii-ƙwaraƙ!

Busasshiyar kaca ta dinga ihu kamar an taka wutsiyar mage. Tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Can bakin tafki Ɓauna ta tsaya da loma a hannu ta ce, "Wane ne ake yankawa?"

Dila ya ce bari ya tsaya. Ya matse birkin dama, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya matse na hagu, ƙarfe ya gaishe da ƙarfe. Keke ya ƙara wuta. Ga kwana ta zo, kwana ta wuce. Dila ya keta gamba yana salati, ya bi ta kan tabarmar Barewa, ya watsa tuwon Biri, keke ya cake a taɓo, shi kuma ya tashi sama, ya sauka da ka cikin tukunyar miyar taushe.

Dorina, wadda ta dafa miyar, ta fito da shi ta ƙafa, ta ce, "Malam, ashe an sha ruwa?" Ta ajiye shi ta zauna kan rigarsa.

Kurege na ganin haka ya saki wutsiya, ya kaɗe ta, ya ɗaga ta sama, ya gangaro yana tafiyar ƙasaita.

Ya ce, "Kun kama shi? Madalla. Daidai inda na auna ya faɗo."

Ɓauna ta ciro kekenta, ta duba. Ta taɓa kaca, ƙayau. Ta duba birki, babu roba. Ta dubi bakin Kurege yana sheƙi kamar goshin amarya. Ta zaro wuƙa.

"Wa ya lashe mini kaca?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ka ma amsa?"

"Yaya ba zan amsa aikina ba? Igiya ai kowane mai haƙori zai tsinka. Amma keken da ba mai a kacarsa, shi ke kiran mai shi da kansa. Ba ki ji yana kiranki ba?"

Ɓauna ta ɗan sauke wuƙa ta ce, "Na ji. To robar birki fa?"

"Ita ce ƙarshen dabarar. Kira kawai ba ya kawo ɓarawo. Wallahi ɗaci gare ta, don ke na daure."

Biri ya hau tudu ya dawo yana huci. "Ƙarya yake! Namu ma duk ya lashe, mu da ba a taɓa namu ba!"

Kurege ya ce, "Kai Biri, ɓarawo ya aiko mini da saƙon wanda zai ɗauka ne? Duka na yi wa rigakafi. Har man kaɗen Kunkuru na sha saboda ku, ko sannu babu."

Kunkuru ya ce, "Sannu. Ni dai a tambayi Malam ina nawa na bara waccan."

Dorina ta ƙara gyara zama. Dila ya yi ƙara, ya nuna wani kogo bayan tudu. Aka je aka fito da kekunan shekaru, har na Kunkuru da ledar sirdinsa. Guɗa ta tashi. Ɓauna ta mai da wuƙa kube, ta naɗa Kurege Sarkin Gadi nan take. Aka kafa doka: daga bana kowa ya zo da mai kashi biyu, na zuwa Kurege ya lashe, na komawa a shafa da yamma. Kuma mai azumi ya zauna inda ake ganinsa.

Ranar dai ba man komawa, haka suka hau kekuna busassu. Ƙiii-ƙwaraƙ gaba, ƙiii-ƙwaraƙ baya, mutanen ƙauyuka suka fito suna rawa, sun ɗauka 'yan goge ne. Keken Ɓauna da ba birki, sai aka ɗaura masa igiya, aka ɗaura ɗaya bakin a ƙugun Dila. In an zo gangara Ɓauna ta ce, "Malam, birki!" sai ya turje da ƙafafu huɗu. Kurege kuwa yana zaune a bayanta, ya yi laima da wutsiya, yana ɗaga wa 'yan mata hannu.

Darasin da ke ciki, jama'a...

"Shekarau, miƙo mini ƙwaryata."

Gwaggo, bari in ƙarasa mana.

"Miƙo. La ilaha! Tas! Kai, matso gaban wuta in ga bakinka."

Gwaggo, dabara ce. Yanzu ko ɓarawo ya zo, me zai samu?

"Ni ba Ɓauna ba ce. Gobe da sassafe ka tafi rugar Arɗo Buba, ka yi musu tatsa da kaɗa nono har sai ƙwaryar nan ta cika."

Ruga da nisa! Kawu Na'inna, ara mini kekenka.

"Bayan abin da kunnena ya ji? Ko kacarsa ba za ka sansana ba. Taka sayyadarka."

To, shi ke nan. Gwaggo, saki kunnen, zai cire! Ƙurunƙus kan kurege mai maiƙo. In za ka ba da gadi, ka ƙosar da mai gadin tukuna. In kuwa kai ne mai gadin, ka goge baki kafin ka matso kusa da wuta.