Kutsolu Mai Mayar da Kawuna

A zamanin da Turawa suka fara hawa duwatsun Naga, can gabashin Indiya, akwai ƙauyuka biyu da ke hararar juna daga kan tsaunuka biyu: Lirumi da Tazomi. Gabarsu ta girmi kowane dattijo a cikinsu. Wanda ya kashe abokin gaba sai ya tafi da kansa, ya rataye a bishiyar ƙauyensu.

Mutum ɗaya ce mashi ba ya taɓawa: matar da aka naɗa ta riƙa mayar wa dangi kawunan mamatansu. A Lirumi, Kutsolu ce. Kirarinta, mai kwandon da maza ke kauce wa. An ce ko damisa kan ba ta hanya. Amma kan ɗanta na cikinta yana rataye a Tazomi, sun hana ta.

Wata shekara da kaka, wani Bature ya iso da sojoji, yana neman mai nuna masa hanyar Tazomi. Zotso, jarumin Lirumi, ya miƙe. A zatonsa Bature kamar maƙwabcin da ka gayyata yaƙi ne, ya ɗauki kai ɗaya ya koma gida.

Kutsolu ta ce, "Zotso, ka ga kwandon kawuna a kayansu?"

Ya ce, "A'a, Inna."

"To me suka zo ɗauka?"

Ya yi dariya. "Ke da ɗanki ke lilo a bishiyarsu, ke ce mai tausayinsu?"

Kutsolu ta miƙe. Ta goya kwando ta gangara kwari, ta ratsa tsinkayen gora da aka kafa a ciyawa, har ƙofar Tazomi. Ta ce da dattawansu, "Wuta na tafe. Ku kwashe irin shinkafa ku hau tudun maɓuɓɓuga."

Babbansu ya ce, "Nawa ne ladan wannan magana, 'yar Lirumi?"

"Ɗana. Kada ya ƙone a bishiyarku."

Suka sauko da kan, suka sa mata a kwando da hannu biyu.

Sojoji suka tarar Tazomi ya zama kango, suka cinna masa wuta. A hanyar komawa suka ce Lirumi ta ba da 'yan dako da dukan rumbunanta. Zotso ya ƙi, Lirumi ma ta ci wuta. Sai ga mutanenta sun hau tudun nan hannu wofi, suka iske magabtansu zaune kan irin shuka. Maza suka kai hannu ga mashi. Kutsolu ta sauke kwandonta a tsakiya, ta binne ɗanta a bakin ruwan, ta zauna a kai ta ce, "Mai son faɗa ya tsallake mu."

Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Da damina ta faɗi, irin Tazomi aka shuka a gonakin Lirumi.

Garin da ƙauyukan biyu suka kafa tare a tudun yana nan, ƙofa biyu, ruwa ɗaya. Har yau ɗan garin da ya daɗe a waje ba ya shiga gidan ubansa sai ya ajiye kayansa a bakin Ruwan Kutsolu ya sha tukuna.