Allurar Kaka da Ƙararrawar Sakatare

Akwai wani sakataren ikilisiya da jama'a suka laƙaba wa suna Minti Biyu. Ba don gajarta ba, dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar ofishin Fasto. Sunan ya samo asali ne daga wata 'yar ƙararrawa da yake ajiyewa a gabansa duk ranar Lahadi. Idan lokacin ba da shaida ya yi, wato lokacin da mutum kan tashi ya faɗa wa 'yan'uwa abin da Ubangiji ya yi masa a cikin mako, kowa minti biyu gare shi. Suna cika zai kaɗa ƙararrawa, ko da kana tsakiyar Halleluya ne.

Kada ku yi masa mummunar fahimta, mutumin kirki ne. Tsari kawai yake so, kuma a ganinsa shaida ita ce babbar magana: wanda ya tsira daga hatsarin mota, wadda likitoci suka fid da rai ta tashi. Shi kansa bai taɓa miƙewa ya ba da shaida ba, yana jiran ranar da zai samu wadda ta isa a faɗa.

To, a ikilisiyar akwai wata tsohuwa da ta tsaya masa a wuya. Ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba, tana zuwa ita kaɗai, ta zauna a bencin baya kusa da ƙofa. Kowa ya ɗauka mijinta ya rasu. Duk Lahadi sai ta ɗaga hannu. Wani makon ta ce ruwan sama ya jira har shanyarta ta bushe. Wani makon ta ce maƙwabciyarta ta ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da an kira ta ba. Kuma ga ta da doguwar shimfiɗa, sai ta gai da Fasto, ta gai da mawaƙa, kafin ta kai ga maganar lokaci ya tafi.

Wata Lahadi ta ce, "'Yan'uwa, ku taya ni godiya. Ran Laraba allurata ta ɓata, na nema na nema, sai Yesu ya nuna mini ita. Domin ku sani, inda allurar nan ta faɗi..."

Sakatare ya kaɗa ƙararrawa. Matasa suka rufe baki suna dariya. Daga ranar sunanta ya koma Kaka Allura.

A taron dattawa na gaba, Sakatare ya kawo shawara cewa duk mai shaida ya riƙa faɗa masa tukuna, shi ya tace, a bar masu nauyi. Dattawa suka amince, suka kuma ɗora masa aikin zuwa ya sanar da Kaka cikin ladabi cewa ta daina ɗaga hannu.

Da ya ba matarsa labari a gida, tana guga, ba ta ko ɗago kai ba.

"Maigida, ka taɓa jin ƙarshen shaidarta ko sau ɗaya?"

"Wane ƙarshe? Allura ta ɓata, an ga allura."

"To ina ta faɗi?"

Bai sani ba, domin shi ne ya katse maganar. Tambayar nan ta bi shi ofis, ta biyo shi gida. Ya tuna kuma cewa Kaka ba ta taɓa tsayawa an tashi da ita ba, ana fara waƙar ƙarshe take sulalewa. Ina take sauri, tsohuwar da ba ta da kowa? Ranar Alhamis da hantsi ya nemi kwatancen gidanta. Ya tafi da saƙon dattawa a baki, amma gaskiya son jin inda allura ta faɗi ne ya fi jan ƙafarsa.

Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, an shanya zanin gado a igiya. Ya yi sallama, Kaka ta leƙo, ta ƙanƙance ido tana ƙoƙarin gane shi. Sai a lokacin, da yake kusa, ya ga yanar ido ta rufe mata ido ɗaya fari fat, ɗayan ma ya fara.

"Wa nake ji kamar mai ƙararrawa? Shigo, ɗana, amma ka sunkuya, ƙofarmu ba ta san dogaye ba."

Ya shiga, ya tsaya cik. A kan gado kusa da taga wani dattijo ne kwance, ramamme, tsaf da shi, an tattara masa ƙananan matasai a ƙarƙashin gwiwa da diddige da kafaɗa. Idanunsa kaɗai ne suka juyo.

"Ga maigidana," in ji Kaka. "Tsoho, ga Sakatarenmu da nake ba ka labari. Shekara tara ke nan da jikinsa ya shanye, bakin ma ya tafi. Amma yana ji sarai, kada ka yi gulmarsa."

Sakatare ya durƙusa ya gaishe shi. Kunya ta kama shi, ya rasa ta inda zai fara, sai bakinsa ya suɓuce.

"Kaka, allurar nan... a ina ta faɗi?"

Ta yi 'yar dariya, ta zauna a bakin gadon.

"Ashe akwai mai son ji. Ka ga waɗannan matasai? Ni nake ɗinka su, don kada kwanciya ta cinye masa fata. Ran nan ina zaune a nan ina ɗinki, ya yi tari, na zabura, allura ta suɓuce ta faɗa cikin shimfiɗarsa. Ɗana, mutumin nan ko ta shige shi ba zai iya cewa wayyo ba. Ni ba ido ba, ba ƙarfin ɗaga shi ba. Maƙwabciyata da ke taya ni juya shi ta tafi aiki. Na shafa, na shafa, ina tsoron kada shafawar ma ta tura ta jikinsa."

Ta gyara wa tsohon wuyan riga kafin ta ci gaba.

"Da na gaji sai na zauna na ce, Yesu, kai kana ganinta, ni ba na gani. Ban ƙara ko kalma ba. Ina nan zaune rana ta kewayo ta shigo ta tagar nan, kamar yadda take yi kullum. Sai na ga wani abu ya yi ƙyalli. Tana tsaye a cikin zani, tsininta sama, tsakaninta da wuyansa bai kai yatsa biyu ba. Dab da lokacin juya shi ke nan, kuma ta wannan gefen za mu juya shi."

Sakatare ya dubi tagar. Taga ce kamar kowace, da tsohon labule.

"Amma Kaka, rana ai kullum tana shigowa."

"Kullum kuwa. Shi ya sa nake cewa kullum Yesu yana nan. Ni ce dai ban cika dubawa ba."

Sai ya tambayi abin da ke cin ransa. "Ba ki taɓa roƙon Ubangiji ya tashe shi ba?"

"Har gobe ina roƙo. Shekara biyun farko abin da nake roƙo ke nan kaɗai, da bai zo ba na yi fushi, na daina addu'a. Ɗaki ya yi mana duhu ni da shi. Wata rana na ce masa, Tsoho, yau shanya ta bushe kafin ruwa, kuma zanin gadonmu biyu ne tak, da bai bushe ba da a kan jiƙaƙƙe za ka kwana. Sai na ga idonsa ya yi murmushi. Tun daga nan, kullum sai na nemo masa inda Allah ya bi ta gidanmu. Ran Lahadi maƙwabciya ta zauna da shi, in ruga in kai wa 'yan'uwa guda ɗaya, in dawo in ce masa na faɗa. Da babba na tsaya jira, da yau shekara tara ban ce na gode ba."

Maganar ta soki Sakatare, domin shi ma jiran da yake yi ke nan, alhali da ƙafafunsa ya zo.

"Af, ban ko ba ka ruwa ba," in ji Kaka. "Da wani saƙo ka zo?"

Ya haɗiye saƙon dattawa. "Na zo ne in ga ko akwai abin da zan taya ki."

"Ka iya zura zare?"

Bai iya ba. Mutumin da ke tsara sujadar ɗaruruwan mutane ya yi gumi a kan kafar allura, tsohon yana kallonsa da ido mai dariya. Da ƙyar ya zura guda biyar, ya soke su a jikin tsumma don ta riƙa ɗauka, tunda idonta ba ya ganin kafar. Washegari ya dawo da maganaɗisu a ɗaure da igiya, don ko wata ta sake faɗuwa. Daga nan ya wuce wurin Fasto ya ce ya janye shawararsa, zai yi wa dattawa bayani da kansa.

Ranar Lahadi Kaka ta ɗaga hannu. Ta gai da Fasto, ta gai da mawaƙa, ta ce, "'Yan'uwa, maganar allurar nan ce dai."

Dariya ta fara tashi. Minti biyu suka cika, kowa ya waiga wajen Sakatare. Sai ya ɗauki ƙararrawar a gaban idon jama'a, ya sa ta a aljihu, ya ce, "Kaka, faɗa mana inda ta faɗi."

Ta faɗa. Kafin ta gama, babu mai dariya a majami'ar, wasu mata suna share ido da bakin gyale. Da ta zauna, Fasto ya tambaya ko akwai saura. Hannu ɗaya ne ya tashi, dogo, daga teburin Sakatare.

Darasi: Kada ka raina abin da ɗan'uwanka yake gode wa Allah a kai, domin ba ka san nauyin da ke bayansa ba sai ka saurara har ƙarshe. Kuma kada jiran babbar mu'ujiza ya rufe maka ido, Ubangiji yana bi ta gidanka kowace rana a cikin ƙananan abubuwa. Yau a ina ka gan shi? Rubuta mana a ƙasa, ko da allura ce, sannan ka tura wa wani da ya gaji da jira.