Rantsuwa Kafin Saukar Ruwa

A zamanin da aikin tilas na Faransawa ya ishi mutanen Damagaram, har suka riƙa tsallakowa ƙasar Gumel da iyalansu, an yi wani mutum ana ce masa Malam Nata'ala. Muhuti ne, wato malamin da ke zama gefen alƙali yana taya shi duba hukunci, kuma ya daɗe a kan aikin har furfura ta fito masa. Ilimi kam ba a magana. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Ko fura ake dama masa, kafin a cire ludayi ya miƙa hannu.

Ya biyo ta Maigatari da matarsa Zuliha da 'ya'yansu da jaki guda, ya sauka a Gumel cikin bazara. Ya yi sa'a, muhutin alƙalin garin bai daɗe da rasuwa ba, buzunsa na nan shimfiɗe ba kowa a kai. Malam Nata'ala ya je ya yi gaisuwa, ya faɗi inda ya yi karatu da inda ya yi aiki. Alƙali dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Madalla. Ka riƙa zuwa kana zama da mu.”

Shi ke nan abin da ya ce. Kullum Malam Nata'ala ya zo ya zauna can baya, yana kallon buzun nan kamar mai azumi da tulun ruwa. A gida kuwa geron da suka zo da shi sai ƙasa yake yi. Zuliha ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, amma yana ganin yadda malmalar tuwo ke ƙanƙancewa, yana kuma ganin ita ce ke fara cewa ta ƙoshi. Abin yana cin ransa ƙwarai. Ga shi bai iya noma ba, bai iya fatauci ba. In wannan aiki ya kuɓuce masa, bai san abin da zai ciyar da yaran nan da shi ba. Ana cikin haka sai ya ji a bakin masallaci wai wani malami daga Haɗeja shi ma yana neman wurin. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Wata safiya alƙali ya kira shi ya ce, “Akwai rigimar iyakar gona a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar. Wata mata ce, Turai, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da ƙanin mijin, Sallau. Ka je ka zauna da su, ka ji ta bakin kowa, ka kwantar musu da hankali. Amma kada ka yanke komai sai ruwa ya sauka.”

“Allah ya gafarta Malam, na ji,” in ji shi.

Ya ji ɗin, amma bai tambayi dalili ba. A ganinsa mutum irinsa ya wuce tambaya. A hanya ya yi ta saƙe-saƙe: ruwa kuma? Me ya haɗa shari'a da ruwa? Lalle so ake a jinginar da shi a ƙauye har na Haɗeja ya zo ya haye buzu.

Da ya isa, ya tarar da maganar ba ta da wuya ko kaɗan. Turai ta ce wani yanki na tsakiya, mai bishiyar gawo, na mijinta ne. Sallau ya ce shi dai a saninsa nasa ne. Shekarun fari sun sa an bar wurin ba noma, yashi ya rufe komai, ba wata alama da ido zai kama. Turai ba ta da shaidu. Malam Nata'ala ya ji daɗi a ransa, don hukuncin a fili yake: mai ƙara ba ta da shaida, sai wanda ake ƙara ya rantse. Zai gama yau, ya koma gobe, alƙali ya ga irin muhutin da Allah ya kawo masa har gida.

Mai garin, Ɗantsoho, ya gyara murya ya ce, “Malam, da dai an ɗan dakata. Mu a nan, in ruwa ya...”

“Mai gari,” Malam Nata'ala ya katse shi, “na yi wannan aiki tun kafin waɗannan su yi wayo. A kawo Alƙur'ani.”

Sallau ya tsorata. “Malam, ni fa ina ganin nawa ne, amma rantsuwa tana da nauyi. Matar yayana ce.”

“Naka ne ko ba naka ba ne? In ka ƙi rantsewa, gona ta zama tata.”

Mutane sun zuba masa ido, kunya ta hana shi ja da baya. Ya yi alwala, ya rantse. Turai ta ja mayafinta ta koma gida tana share hawaye.

Malam Nata'ala ya koma Gumel ya ba da labari, yana jiran yabo. Alƙali ya dube shi ya ce, “Ka rantsar da shi?”

“Na rantsar da shi, kamar yadda littafi ya ce.”

“Inna lillahi,” in ji alƙali. “To, Allah ya sa gaskiyarsa ce. Je ka gida, sai an neme ka.”

Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Kowa a garin yana ɗaga kai yana roƙon hadari, shi kuwa da ya ga gabas ta yi baƙi sai gabansa ya faɗi, bai ma san abin da yake tsoro ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ba a jima ba aka aiko ya zo.

Ya tarar da Ɗantsoho da Sallau a gaban alƙali. Sallau ya rame, kansa a sunkuye. Alƙali ya ce, “Malam Nata'ala, mutanen ƙasar nan da ciyawar gamba suke yin iyakar gona. Ana yanke ta a yi zana, shanu su tattake, yashi ya binne, amma saiwarta ba ta mutuwa. Ruwa na sauka take tsirowa a jere, kowa ya ga iyakarsa ba sai an rantsar da kowa ba. To, ta tsiro. Gawon nan yana cikin gonar marayu.”

Sallau ya fashe da kuka. “Na mayar mata tun ranar da na gani. Amma yanzu ko sahu na shiga, sai na kusa da ni ya matsa. An ce na ci Alƙur'ani. Wallahi ban sani ba ne, Malam, kai ka ce in rantse.”

Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya nuna buzun da ke gefensa. “Tun ranar da ka zo na san ka fi ni karatu. Na riga na gaya wa mutanena kai zan zaunar a nan da zarar an yi shuka. Abu ɗaya kawai nake son gani, ko za ka iya jira. Ka yi haƙuri, ba zan iya damƙa maka mutane ba.”

Malam Nata'ala ya fito yana jan ƙafa. A gida ya tarar da Zuliha ta wanke masa babbar rigarsa ta shanya, don ta ɗauka kiran na alheri ne. Ta dubi fuskarsa, ta dubi rigar, sai ta sauke ta daga igiya ta ninke tun ba ta bushe ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk iliminka da daɗewarka a kan aiki, in ka sauka a sabon wuri ka zama ɗalibi tukuna. In an ce ka jira, tambayi dalili, kada tsoron rasa abinci ya sa ka yi gaggawa a kan haƙƙin mutane. Malam Nata'ala bai yi kuskure wajen karanta littafi ba. Haƙurin 'yan kwanaki ya kasa, shi ya raba shi da aikin da aka riga aka ajiye masa, ya kuma ɓata sunan bawan Allah da bai yi niyyar ƙarya ba.