Ramin da Ke Cin Gayaunar Hansai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan.

"To in mun rufe ramin nan, masu haƙar suka dawo fa?"

Hansai na tankaɗe a bayan darni ta jiyo wannan tambaya. Sarkin Noma Barau ne ya yi ta a zauren mijinta, Jatau.

Ita Hansai ba ta cika shekara biyu da aure a garin ba. Ba ta da yawan magana. In babba na yi mata magana, ƙasa take kallo. Saboda yawan kallon nan kuwa, ta san ƙasar garin fiye da waɗanda aka haifa a kanta.

Shekarun baya waɗansu baƙi suka zo neman zinariya. Suka haƙa rami a bayan gari, suka yi ta haƙa, har in ka leƙa ba ka ganin gindinsa. Da suka daina samu, sai suka naɗe tabarmarsu suka yi gaba. Suka bar Rami baki buɗe, da tulin ƙasa a gefensa.

Gayaunar Hansai kuwa, 'yar gonar da mijinta ya yanka mata take shuka gyaɗa da kuɓewa, tana daf da bakin Rami. Duk ruwan da aka yi, sai Rami ya gatsa kunya guda.

Sai ta ce, "Maigida, Rami na cinye mini gona."

Jatau ya ce, "Yi haƙuri, manya na shawara."

Sai manya suka saro ƙaya suka kewaye Rami. Ruwa ya sauka. Rami ya haɗiye shingen, ya haɗa da kunya biyu, ya yi gyatsa, ya kama waƙa:

"Baki gare ni, ba ni da murfi,
Ciki gare ni, ba ni da ƙoshi.
Wanda ya haƙa ni ya yi gaba,
Wanda ya zauna shi zan ci."

Sai manya suka sake shawara. Suka gitta itace, suka shimfiɗa zana, suka barbaɗa ƙasa a kai. Barau ya ce, "Kun gani? In baƙi sun dawo, yaye zana kawai za a yi."

Hansai ta durƙusa ta ce a hankali, "Baba, wannan ai tarko ne."

Barau ya ce, "Jatau, yaushe matarka ta fara magana?"

Kwana uku, bijimin Barau ya tsinke ya bi ta kan zana. Rugum! Ko kukansa ba a ji ba. Rami ya sake waƙarsa.

Sai manya suka yi shawara ta uku. Barau ya ce, "A bar masa wurin. Jatau, ka sake wa matarka gona."

Da Jatau ya zo da saƙo, Hansai ta ajiye rariya. Ta ce, "Ba zan tashi ba."

"Me kika ce?"

"Ni ka ba wurin, ba shi ba. In na matsa, biyo ni zai yi."

Da gari ya waye ta naɗa gammo, ta cika ƙwarya da duwatsu, ta je ta juye wa Rami. Rami ya yi dariya har ƙura ta tashi.

"Amarya, da ƙwarya za ki cika ni?"

Ta ce, "Da bokiti aka kwashe cikinka."

Ta koma ta ɗebo. Yau haka, gobe haka, har tsakar kanta ta yi kanta.

Iya Tabawa mai daddawa ta gamu da ita a hanya. Ta ce, "Ke 'yar nan, aljanu kike ciyarwa?"

"A'a Iya, baki nake toshewa."

"Ayya, da kin fara da na Barau."

Tsohuwa ta yi dariyarta, amma ta sunkuya ta ɗauki dutse guda ta bi ta. Sai ta shiga gida gida tana cewa, "Ku masu zuwa itace, ba kai wofi kuke tafiya ba?" Daga ranar, duk macen da za ta daji sai ta ɗauki dutse ta jefa.

Da Rami ya ji nauyi a cikinsa, sai ya daina dariya. Ya ce, "Amarya, ki kiyaye ni. Ranar da ƙafarki ta zame, ke ma ƙasa za ki."

Ta ce, "In na faɗa ma, na rage maka wuri."

Rani ya raba, duwatsu suka taso har ana hango su. Kunya ta kama maza. Sai suka kira gayya, da ganga da shebur, za su ture tulin ƙasar nan gaba ɗaya a ciki.

Hansai ta tsaya a gabansu. Ta ƙi kaucewa. Ta ce, "Ba haka ba."

Barau ya ce, "Yau kuma me?"

Ta nuna gindin tuli. Ta ce, "Baba, duba inda tafasa ta fito. Nan kaɗai. Baƙar ƙasarmu ce a danne, ita suka fara cirewa. Jar da ke sama ko ƙarangiya ba ta fitowa a kanta. In kuka ture a haɗe, kun binne mai rai kun bar mana matacciya."

Barau ya tona da sandarsa. Ga baƙar ƙasa. Ya yi tari ya ce, "Dama abin da zan ce ke nan."

Iya Tabawa ta ce, "Allah ya ƙara basira, Sarkin Noma."

Sai aka ware baƙa gefe. Maza su zuba ja kamu guda, mata su yayyafa ruwa su bi da madaɓi, kamar daɓen ɗakin amarya. A zuba, a daɓe. A zuba, a daɓe. Har Rami ya dawo iya ƙugu.

Wata safiya Hansai ta riga kowa zuwa. Sai ta ji Rami na magana ƙasa ƙasa, muryarsa duk ta shaƙe.

"Hansai. Hansai 'yar albarka. Dubi haƙarƙarina."

Ta duba. Jikin bango ya ɓantare, ga wani dutse kamar dunƙulen hannu, da zare rawaya a jikinsa yana ƙyalli.

Rami ya ce, "Baƙin nan kamu biyu ya rage su kai ga zinariya. Akwai irinsa da yawa. Kai wa Barau ya gani. Ki sa awarwaro har gwiwar hannu, ki daina ɗaukar dutse."

Ta sauka ta ɗauka. Yana da nauyi, yana da kyau, ba ta taɓa riƙe abu mai kyansa ba. Ta daɗe tana juya shi. Sai ta ɗaga kai ta ga 'yan kunyoyin da suka rage mata.

Ta ce, "In sun gani suka sake haƙa ramuka, wa zai rufe ƙannenka?"



Sai ta cusa dutsen inda ya fito, ta kwaɓa jar ƙasa ta liƙe, ta bi da madaɓi har wurin ya yi sumul. Da mata suka iso, suka tarar tana haki.

"Hansai, yau da wa kike faɗa?"

Ta ce, "Ku miƙo ruwa."

Aka cika Rami. Aka mayar da baƙar ƙasa, aka zuba takin awaki. Ta dasa ciyawar jema a gefe don ta riƙe ƙasa, ta sa gawo a tsakiya. Damina ta farko wurin ya ɗan lotsa, ta ƙara ƙasa. Ta biyu gyaɗa ta rufe shi ruf.

Ranar cirar gyaɗa Jatau ya dube ta ya ce, "Ke dai kullum kamar da magana a bakinki."

Ta dube shi. Mutumin kirki ne, amma yana zama a zaure, kuma abin da ya shiga zaure ya shiga gari. Sai ta miƙa masa gyaɗa ta ce, "Ɗanɗana." A ranta ta ƙudura, ko shi, ko Iya Tabawa, ko 'ya'yan da za ta haifa, ba mai jin zancen dutsen nan.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma in ya shiga raminsa yakan toshe baki. Wanda ya haƙa ya rufe. In ya gudu bai rufe ba, kada na zaune ya ce ba ruwansa, don gonarsa ce a baki.