Zelma da Matar da Ke Faɗuwa a Madadinta

Akwai wata 'yar wasan barkwanci a Los Angeles mai suna Zelma Dorrance, a zamanin da fim bai fara magana ba. Idan ta zare ido a kan allo, sinima sai ta ɗauki dariya har mai kiɗan piyanon da ke raka fim ɗin ya rasa inda yake.

Tare suka taso da ƙawarta Hattie Kovach. Ɗaki ɗaya suka kama, gwangwanin wake ɗaya suke rabawa. Hattie ce ke ƙirƙiro abin dariyar, kuma ita ke sa rigar Zelma ta faɗo daga tsani ko ta afka cikin kududdufi, sannan a nuno fuskar Zelma tana ƙifta ido.

Da suna ya zo, Zelma ta sayi gida mai lambu, ta kuma ce a wurin aiki Hattie ta riƙa kiranta Miss Dorrance.

Wata rana za a ɗauki inda ake rataye a jikin igiya daga rufin otel. Hattie ta duba igiyar, ta ce ta tsufa, a jira a kawo wata. Darakta ya yarda. Amma Zelma na sauri, 'yan jarida na jiran ta a wurin cin abincin rana.

"Ke dai kin cika tsoro," in ji Zelma a gaban ma'aikata. "Faɗuwar ma da ita kaɗai kika iya sai an lallashe ki?"

Aka yi dariya. Hattie ta hau.

Igiyar ta tsinke. Ƙugun Hattie ya karye, ta yi wata biyar a asibiti. Zelma ta aika furanni sau ɗaya ta hannun direbanta. Da ta ga hoton faɗuwar ya yi kyau, ta ce kada a yanke shi. Fim ɗin ya fi duk na baya karɓuwa.

Bayan shekara uku murya ta shigo fim. Aka tsayar da Zelma a gaban na'urar ɗaukar magana, aka ce ta ba mutane dariya da baki. Ta buɗe bakin, babu abin faɗa. Fim biyu suka faɗi, kamfani ya sallame ta. Gidan ya tafi, waɗanda ke cika shi ma suka tafi.

A lokacin ta ji cewa Hattie ce ke rubuta wa manyan 'yan barkwanci maganganunsu. Ta yi sati tana juya abin a ranta kafin ta goge takalminta ta tafi.

Hattie ta taso da sanda, tana jan ƙafa, ta zuba mata kofi da kanta. Zelma ta fara zancen tsohon ɗakinsu da ɓeran da suka raɗa wa sunan mai gidan. Ta yi ta dariya ita kaɗai. Da ta ga ba a taya ta ba, ta sauke murya ta roƙi ko da ƙaramin matsayi ne a fim mai zuwa.

"Na daɗe da yafe miki, Miss Dorrance," in ji Hattie.

"Haba Hattie, Zelma dai."

"Ba gaba nake yi da ke ba. Jiya da aka ce za ki zo, na zauna in rubuta miki wani abu. Na kasa. In na tuna fuskarki, dariya ba ta zuwa mini."

Ta raka ta har bakin ƙofa, a hankali, saboda ƙafar.

Zelma ta ƙare tana sayar da tikiti a wata ƙaramar sinima a Pasadena. Shekara goma sha tara tana miƙa wa mutane tikiti ta taga, babu wanda ya ɗaga kai ya gane ta. Ranar da ta rasu, manajan ya manna takarda cewa ana neman mai sayar da tikiti.

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka wulaƙanta wanda ya ɗauke ka a kafaɗarsa. Yana iya yafe maka, amma zuciyar da ka karya ba lallai ta sake yi maka aiki ba. Ku tura wa wanda ya fara manta waɗanda suka taso tare da shi.