Manomin da Ya Bar Bakin Tsani a Buɗe

Akwai wani manomi a can ƙasar kan duwatsu, inda ɗari kan sa ruwan randa ya gagari hannu da safe. Tun yana saurayi ya gina ɗakinsa da tubalin ƙasa, ya yi masa rufi mai tsayi. Da ya ga rufin ya yi tsayi, sai ya gitta katako daga bango zuwa bango, ya jera gora a kai, ya samu wani ɗan ɗaki a sama. A kusurwa ya bar kafa daidai wadda mutum zai ratsa, ya jingina tsani a wurin.

A ɗakin saman nan suke ajiye acca da masarar iri, da akwatin tufafin matarsa Keziya. Da Allah ya ba su 'ya'ya, sai wurin ya zama fadarsu. Wuni suke suna hawa suna sauka kamar 'yan awaki, in yunwa ta taso sai ka ga kawuna sun leƙo ta kafar, ana cewa, "Mama, abincin bai yi ba?"

Keziya ce ta fara lura da abin da kafar nan take yi musu. Wata rana da ɗari ta ce wa mijinta, "Maigida, mu ke hura wuta, rufi ke jin ɗumi. Hayaƙi yana da tagarsa a bango, wannan kafar kuwa ɗuminmu take kwashewa."

Sai ya yanka katako daidai bakin kafar. Ita kuma ta cusa audugar rimi cikin buhu, ta ɗinke shi kamar matashin kai, suka kafa shi a jikin katakon, ta bi gefe da gefe da tsumma don kada iska ta sami hanya. Kowace shekara in ɗari ya kama sai a ɗora murfin, in zafi ya zo a ɗage. Daga nan 'yan ƙirare kaɗan suka riƙa isarsu. Da yamma a kewaye murhu, a tura dankali cikin toka, Keziya ta ɗauko waƙar sujada yara su amsa, wani ya yi kuskure a yi masa dariya. Maƙwabta ma sukan shigo jin ɗumi, har a rasa wurin miƙe ƙafa.

Shekaru suka wuce. Yara suka girma, makaranta ta ɗauki wani, aure ya ɗauki wata, neman abinci ya kai wani birni. Gida ya rage daga shi sai Keziya.

Sai ciwo ya kwantar da ita cikin bazara. A shekarar nan, saboda hidimar jinya, ba a ɗage murfin ba. Wata rana tana kwance ta ce, "Ka ɗage mini murfin nan. Ina so in ga hasken da ke saukowa ta wurin, yana tuna mini da yaran."

Ya ɗage shi, ya kai bayan ɗaki ya jingine. Ta yi kwanakinta tana duban wurin, wani lokaci tana murmushi ita kaɗai. Kafin ruwan shuka ya sauka, Ubangiji ya kira ta gida.

Da ɗari ya dawo, mutumin ya je bayan ɗaki ya ɗauko murfin. Ya tsaya da shi a gindin tsani, ya daɗe yana duban sama. Ya ce a ransa, "Ita ta ce a buɗe. Ba ta ce a rufe ba." Ya mayar da shi inda ya ɗauko. Can ruwa ya yi ta dukansa, gara ta gama da sauran.

Tun daga lokacin ɗakin bai ƙara yin ɗumi ba. Mutumin ya ƙara itace a murhu, sanyi yana nan. Ya ce itacen zamani ne ba shi da ƙarfi. Ya ce tsufa ne ya kama shi. Ya toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, ya yaɓe tsagar bango, babu inda bai taɓa ba sai wuri guda. Ya sare itatuwan gefen gonarsa, suka ƙare, ya koma saye a hannun masu kawowa daga daji. Ya sayar da akuya, da shekara ta zagayo ya sayar da wata. Maƙwabta suka daina shigowa, domin mutum ba ya barin sanyin gidansa ya je ya zauna cikin na wani. Shi kuwa da yamma sai ya ƙudundune cikin bargo, ya kafa wa bakin tsanin ido, har ya riƙa jin kamar ƙananan ƙafafu suna gudu a sama.

Ana nan sai autarsa Afiniki ta haihu, haihuwar fari, ta sami 'ya mace. Ta ce ko da yake uwarta ba ta da rai, a ɗakin da aka haife ta za ta yi jego. Mijinta ya yarda, aka kawo ta. Tsohon ya yi murna irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya tara itace kamar zai gasa bijimi, ya riƙa hura wuta safe da yamma.

Ba a daɗe ba jaririyar ta kamu da mura, mura ta koma tari. Itacen da ya tara kuma ya ƙare.

Da gari ya waye ya ɗauki gatari ya nufi bishiyar mangwaron da ke tsakar gida, wadda 'ya'yansa duka suka yi wasa a inuwarta. Afiniki ta fito ta same shi ya ɗaga hannu.

Ta ce, "Baba, me za ka yi?"

Ya ce, "Itace ya ƙare. Ba zan bar yarinyar nan cikin sanyi ba."

"Ko itatuwan garin nan duka ka sare, ɗakin nan ba zai yi ɗumi ba. Kai ma ka sani."

Ya tsaya da gatarin a sama.

Ta ce, "Jiya na hau sama neman tsohon bargo. Da kaina ya shiga kafar sai na ji ɗumi ya buge ni a fuska, ƙafafuna kuwa suna kan tsani kamar a cikin rafi. Duk wutar da kake hurawa can take tafiya, ta bi rufi ta fice."

Ya sauke gatarin kaɗan, ya ce, "Mamanki ce ta ce a buɗe."

"Da zafi ta faɗa, Baba. Da ɗari ai ita ce mai cewa a rufe, tun muna yara." Sa'an nan ta ce, "In ba za a rufe ba, gobe zan koma ɗakina. Ba fushi na yi ba. Ƙirjin yarinyar nan ne ba zai ɗauka ba."

Suna tsaye sai suka ji tarin jaririyar daga ciki, ɗan siriri, kamar ba zai tsaya ba. Afiniki ta koma da sauri. Tsohon ya jingine gatarin a gindin bishiyar.

Ya nemo wani tsohon ƙyaure, ya auna bakin kafar da igiya, ya yanka. Ya farke matashin kansa ya zazzage audugar rimin da ke ciki. Sa'an nan ya hau tsanin, abin da bai yi ba tun rasuwar matarsa. Ya tarar da wurin ya ƙanƙance, ko kuwa dai tunaninsa ne ya faɗaɗa shi. Babu kowa, sai yanar gizo da akwatin Keziya. Ya buɗe akwatin, ya ɗauko zanenta na zumuntar mata, wanda take ɗaurawa ranar da za su yi waƙa a sujada. Ya sauko da shi ya miƙa wa 'yarsa.

Ya ce, "Da wannan za ki lulluɓe murfin."

Afiniki ta karɓa da hannu biyu. Ta zauna a bakin ƙofa tana ɗinki, 'yarta a cinya, uban yana riƙe mata gefen zanen. Can ta fara rera wata waƙar uwarta a hankali, ta manta baiti na biyu, shi ya tuna mata.

Kafin rana ta faɗi ya hau ya ɗora murfin, ya bi gefensa da tsumma. Da ya sauko ya share idonsa da bakin riga, ya tattaro 'yan ƙiraren da suka rage ya hura. Wuta ce ƙarama, amma ba a jima ba Afiniki ta yaye mayafinta. Jaririyar ta yi barci, cikin 'yan kwanaki kuma tarin ya lafa. Afiniki ta gama jegonta a gidan ubanta. Bayan ta tafi, yakan ɗage murfin wani lokaci da tsakar rana, ya hau ya zauna kusa da akwatin har ransa ya yi sanyi, sa'an nan ya sauko ya rufe.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ɗakin shi ne zuciyar mutum. Wutar kuwa ita ce ƙauna da salama da Ubangiji yake ba mu, ba ya kuwa rowarsu. Amma da yawa cikinmu muna da wata kafa da muka bari a buɗe. Ga wani, baƙin cikin wanda ya rasa ne, ga wata, kewar zamanin da gida yake cike, ga wani kuma, maganar da aka faɗa masa tun tuni, har yau bai sake ta ba. Muna zuwa sujada, muna ƙara addu'a a kan addu'a, mu koma gida mu tarar da sanyi yana jiranmu. Sai mu ce wa'azin yanzu ba shi da ƙarfi, ko ikkilisiya ba kamar dā ba. Alhali kuwa mun san wurin, shi ne wanda ba mu yarda kowa ya taɓa.

Ku lura, manomin nan ba mugu ba ne. Ƙauna ce ta sa ya bar kafar a buɗe. Sai dai sanyin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya kori maƙwabtansa, ya kusa cutar da jikarsa. Haka yake: wanda ya zauna cikin jiya, mutanen da Allah ya ba shi yau su ne suke shan sanyin.

Ku lura kuma, murfi ya yi, bai gine wurin da tubali ba. Allah bai ce mu manta da waɗanda muka ƙaunata ba. Yana so mu tuna da su da godiya, mu danƙa su a hannunsa, mu sauko wurin masu rai.

Saboda haka kowa ya binciki zuciyarsa a makon nan. In ka ga kafar ta fi ƙarfinka, ka faɗa wa Ubangiji da sunanta, ka kuma bar wani ɗan'uwa ya riƙe maka gefen zanen. Kada ka jira sai ka ji tari daga cikin ɗaki.