Gawayin Raihanatu

Akwai wani manomin rani a Jiratawa mai suna Jibo. Yana da 'ya, Raihanatu, 'yar shekara tara. Ba ta ji, ba ta magana, tun wani zazzaɓi da ya kama ta tana goye. Amma a ba ta guntun gawayi, sai bango ya cika da awaki da mata masu ɗaukar albasa.

Da farko dariya ake yi. Wata rana ta zana ragon maƙwabci a kwance, bayan kwana biyu ragon ya mutu. Ta zana katangar bayan gida da tsaga a tsakiya, ruwan farko ya kayar da ita. Nan fa maganganu suka tashi, wai duk abin da yarinyar ta zana sai ya faru. Mata suka fara janye 'ya'yansu idan ta wuce.

Ni dai na san babu wani aljani a ciki. Yarinya ce mai kallo. Ta ga ragon ya daina cin abinci, ta ga tsagar da manya suke wucewa ba su duba ba.

Tsahara, yayar Jibo da ke Sabon Gari a Maraɗi, ta ce masa, “Jibo, wanga zane shi ne bakinta. Ka saya mata kaye, littafin rubutu, da bik na rubutawa, a kai ta lakwal, makarantar kurame.”

Ya ce, “Yaya, ke kina birni. Ni ake nunawa da baki a masallaci.”

Ranar da ya tarar ta zana shi kansa, tsoro ya kama shi. Ya ɗauko tsumagiya ya yi ta dukan hannayenta har suka kumbura, ya sa aka shafe bangon da laka. Daga ranar ba ta ƙara taɓa gawayi ba.

Bayan wata biyu, da hantsi, ƙanwarta Tahira, 'yar shekara uku, ta faɗi tana kumfa. Raihanatu kaɗai ke tare da ita a tsakar gida. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da tofi. Raihanatu tana jan zanen uwarta tana nuna ɗakin kaya, aka ture ta gefe. Sai azahar aka ɗora Tahira a kan moto zuwa asibiti a Maraɗi. Tsahara ta tarye su can, ita ce ma ta matsa a waya a zo da Raihanatu.

Likita ya duba idon Tahira ya ce, “Wani abu ta sha. Mi ne ne? In ban sani ba, lalube zan yi, kuma numfashinta na ƙasa.”

Babu wanda ya sani. Tsahara ta karɓi takarda da bik ta miƙa wa Raihanatu.

Yarinyar ta dubi ubanta, ta maida hannayenta baya ta ƙanƙame su.

Jibo ya nuna mata takardar, ta ja da baya. Ya roƙe ta, ya manta ba ta jin roƙo. Can ya durƙusa a kan siminti, ya ɗauki bik ɗin, ya zana wani abu mai kama da yarinya a kwance, ya tura mata yana hawaye.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zana gorar lemo, kusa da ita tankin feshi da ake goyawa a baya.

Nan take Jibo ya gane gorar. Shi ne ya zuba ragowar maganin ƙwarin tumatir a gorar lemo, kamar yadda yawancin masu garka suke yi, ya ajiye a ɗakin kaya. Ya faɗa wa likita sunan maganin, aka shiga da Tahira da gudu.

Ta rayu, bayan kwana tara a asibiti. Jibo ya sayo kaye har shida da fensir masu launi, ya kai Raihanatu makaranta da kansa. Malamanta suna yaba hannunta sosai. Amma yau shekara guda ke nan, da ta hango inuwarsa a bakin zaure sai ta tura kayen ƙarƙashin tabarma. Zanenta sai dai ya gani a wayar Tsahara, kuma wannan abin yana cin ransa.

Darasi: Yaron da Allah Ya jarrabta da wata lalura yana da hanyarsa ta yin magana, ko zane, ko ƙira, ko ɗinki. Ku ba shi kayan aiki, ku zauna ku duba abin da ya yi, kada surutun mutane ya sa ku rufe masa baki. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila akwai irin Raihanatu a gidansu.